Dodon da Aka Raɗa wa Suna

Daga cikin abubuwan da zamani ya zo da su, waɗanda ma'abota ilmi suka fi saurin kau da kai daga gare su bisa zaton cewa shagalin yara ne kurum, akwai wasannin bidiyo. Alhali kuwa wanda ya tsaya ya yi musu duban tsanaki zai tarar, a wasu lokuta, da mas'ala mai nauyi, irin wadda malaman tauhidi da na fiƙihu suka shafe ƙarnoni suna tattaunawa, tana kwance a cikin abin wasa, masu wasan suna shiga cikinta suna fita ba tare da sun san sunanta ba. Ɗaya daga irin waɗannan ita ce mas'alar abokin gaba: mene ne ya halatta a yi masa, kuma ko akwai wata halitta mai hankali wadda muguntarta ta kai a ce ba ta da wani hakki ko kaɗan a wuyan mai yaƙarta. Wasan da ya tayar mini da wannan tunani shi ne Shadow of Mordor, wanda kamfanin Monolith na ƙasar Amurka ya fitar a watan Satumba na 2014, tare da magajinsa Shadow of War, wanda ya biyo baya a watan Oktoba na 2017, dukkansu an gina su a kan duniyar ƙage da marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ya shimfiɗa a littattafansa.

Labarin a taƙaice shi ne, wani barde mai suna Talion, ɗaya daga masu tsaron Baƙar Ƙofa ta ƙasar Mordor, bayin azzalumin sarki Sauron suka yanka shi tare da matarsa da ɗansa a dare guda. Amma mutuwa ta ƙi karɓarsa, domin fatalwar wani maƙeri na zamanin dā, Celebrimbor, wanda ya ƙera zobban mulki, ta shiga jikinsa ta zauna, suka zama rai biyu a gangar jiki ɗaya, kowannensu yana da fansar da yake nema. Abokan gabarsu kuwa su ne dodannin nan da ake kira Ork, rundunar Sauron, munanan halitta, masu kaushin harshe, waɗanda ba su da aiki sai kisa da bautar da mutane. Har nan babu wani sabon abu, domin tun da aka fara irin waɗannan wasanni ake karkashe Orkawa dubu bisa dubu ba wanda ya taɓa tambayar sunan ko ɗaya. Sabon abin da Monolith suka kawo shi ne tsarin da suka kira Nemesis, watau sun sa kowane shugaba a cikin rundunar yana da sunansa da laƙabinsa, da muryarsa, da abin da yake ƙi da abin da yake tsoro, kuma, mafi girma duka, yana tuna abin da ya gudana tsakaninsa da mai wasa. Idan wani ƙaramin soja marar suna ya yi sa'a ya kashe Talion, sai a ɗaga shi ya zama barde, a ba shi suna da sulke, ran da suka sake haɗuwa kuma ya yi masa gori da wancan kisan. Idan mai wasa ya ƙona wani da wuta ya bar shi a kan ya mutu, yana yiwuwa ya dawo bayan kwanaki da tabon ƙuna a fuska da ƙullaci a zuci. Idan mai wasa ya gudu daga fage, wanda ya kore shi ba zai manta ba. Su ma a junansu suna hamayya, suna kai wa juna farmaki, suna shirya walima da farauta don ƙara daraja, ƙarami yana haƙon kujerar babba, ko mai wasa yana nan ko ba ya nan.

Saboda haka ƙarfin damtse kaɗai ba ya isa a ci galaba a kan waɗannan shugabanni. Wani kibiya ba ta kama shi, wani ba a iya yi masa sanɗa ta baya, wani kuma in ya ga wuta sai ya ƙara haukacewa maimakon ya ja da baya. Wajibi ne mai wasa ya fara neman labari, ya kama wani matsoraci daga cikin rundunar ya tatsi asirin ubangidansa, ya gano cewa wane yana firgita da naman dajin nan karago, wane kuma da ƙudaje masu harbi. Sa'an nan ya tsara shirinsa, ya zuba dafi a gangar giyarsu, ko ya ɓalle kejin dabba a tsakiyar sansani, ko ya bi masu tsaron lafiyar sarkin yaƙi ɗaya bayan ɗaya kafin ya fito da shi fili shi kaɗai. A nan daɗin wasan yake, kuma ba zan ɓoye ba cewa ina ganin hikima ce babba aka zuba a wurin.

To amma wannan hikima tana da farashi, wanda ban tabbata maƙeran wasan sun auna shi tun farko ba. Sun so fansa ta yi zaƙi, kuma sun gane cewa ba a ɗaukar fansa a kan dutse ko itace, sai a kan wanda ya san abin da ya yi maka kuma ya san ka sani. Don haka suka ba dodon suna, da tunawa, da buri, da tsoro, har a wasa na biyu suka ba wasunsu 'yan'uwa na rantsuwa waɗanda kan taso neman jinin ɗan'uwansu in an kashe shi. Waɗannan kuwa su ne ainihin sifofin da muke gane mai rai mai hankali da su. Da zarar an tara su a cikin halitta guda, uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, cewa ai dodo ne, kashe shi da sare ciyawa duk ɗaya, ya rushe daga tushe, ko an so ko ba a so ba.

Shi kansa Tolkien wannan mas'ala ta hana shi sakat har ƙarshen ransa a 1973. Mutum ne Kirista ɗan ɗariƙar Katolika mai riƙo da addininsa, malamin harsuna a Oxford, wanda ya ga yaƙi da idonsa a ramukan Somme na Faransa a 1916. Kuma aƙidarsa ba ta yarda cewa mugu yana iya halittar rai ba, iyakar abin da yake iyawa shi ne ya ɓata abin da Mahalicci Ya yi, ya karkatar da shi. A rubuce-rubucensa na farko ya ce babban Iblis ɗin duniyarsa, Melkor, shi ya ƙera Orkawa daga dutse da taɓo. Da ya lura wannan ya ba mugu ikon halitta, sai ya canja, ya ce asalinsu daga kyakkyawan jinsin nan na Elf ne, aka kama su aka azabtar har suka lalace, kuma wannan ne aka buga a littafin Silmarillion a 1977. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba, domin in asalinsu mai kyau ne, to suna da ruhi, in suna da ruhi kuwa ƙofar tuba ba ta rufe musu ba, sa'an nan ina hujjar jarumansa na karkashe su ba tausayi? A cikin takardun da ɗansa Christopher ya tattara ya buga a 1993 an ga yadda ya yi ta jujjuya al'amarin, yau ya ce dabbobi ne da aka koya wa magana, gobe ya ce daga mutane suka fito, bai tsaya a kan matsaya guda ba. Abin da ya tsaya a kai, kuma ya rubuta a sarari a cikin waɗannan takardu, shi ne hukunci: lalle a yaƙe su da iyakar ƙarfi, amma kada a azabtar da kamammensu ko da don neman labarin da zai ceci gari ne, kuma wanda ya miƙa wuya ya nemi rahama a ba shi, ko da hakan zai jawo hasara. A cikin littafinsa na The Lord of the Rings ma ya bar mu muka saurari shugabannin Orkawa biyu, Shagrat da Gorbag, suna hira a ɓoye, suna kukan iyayen gidansu, suna burin yaƙi ya ƙare su sulale su kafa nasu zama inda ba mai ba su umarni, har suna aibata wanda ya yar da abokin tafiyarsa a hanya, ko da yake su ma sun taɓa aikata haka. Wanda ya san yar da aboki abin kunya ne, ya san alheri da sharri, ko da bai bi alherin ba.

Akwai wata ƙissa a cikin Silmarillion wadda nake ganin ta fi kowace haska wannan wuri. Wani daga manyan bayin Mahalicci, maƙeri mai suna Aule, ya ƙagu ya ga halittu a bayan ƙasa, sai ya ƙera wasu gajerun mutane da hannunsa. Amma ba su da nufi na kansu, in ya yi tunaninsu su motsa, in hankalinsa ya koma wani wuri su tsaya cik. Da Mahalicci Ya yi masa faɗa, ya yi nadama, ya ɗaga guduma zai farfasa su yana kuka, sai suka ja da baya suna tsoro suna roƙon a bar su. Da wannan aka gane an riga an ba su rai na kansu, domin abin da ba shi da nufi ba ya kauce wa guduma. Alamar rai ta farko a wannan ƙissa ita ce tsoro. Kuma tsoro shi ne abu na farko da mai wasan Shadow of Mordor yake nema a jikin kowane shugaban Orkawa, don ya yi amfani da shi a kansa.

Mu kam, a wajen malamanmu, jawabin wannan mas'ala ya fi sauƙi, domin ba mu da mahalicci biyu. Majusawa da mabiya Mani su ne suka raba duniya gida biyu, rundunar haske da rundunar duhu, kowace da asalinta. Malaman kalam sun yi musu raddi mai tsawo, kamar yadda Augustine, malamin Kirista na ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya yi bayan ya shekara tara a cikinsu, kuma daga gare shi ne tunanin Tolkien ya gangaro. Ko da yake Ahlus Sunna ba su bi Augustine a dukkan bayaninsa ba, tun da su suna cewa alheri da sharri duka da ƙaddarawar Allah suke, an haɗu a kan cewa babu wani jinsi da wani abin bauta na duhu ya halitta don sharri tsantsa. Kowane mai hankali mukallafi ne, kuma taklifi ba ya hawa kan wanda ba shi da zaɓi. Aljannu ma, waɗanda tatsuniya ta fi jingina wa mugunta, Alƙur'ani ya ba da labari a surar da ke ɗauke da sunansu cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba, kuma wata jama'a daga cikinsu ta saurari karatu ta yi imani, a surar Ahƙafi kuma aka ce ta koma tana gargaɗin mutanenta. Iblis kansa an umurce shi ne ya ƙi, girman kai ya zaɓa, da ba shi da ikon yin sujada da ba a kama shi da laifin barinta ba. Idan har haka al'amarin yake ga Iblis, to Ba'orke mai suna da tunawa da ɗan'uwa, in da akwai shi, lalle yana cikin waɗanda ake yi wa hisabi, kuma ake yi wa wasu hisabi a kansu.

Ba don dodannin ƙage nake damuwa da wannan ba. Tunanin cewa akwai wata al'umma wadda mugunta take cikin jininta, wadda kashe ɗanta ba ya bukatar dalili, ya fi kowane tunani zubar da jini a tarihin 'yan Adam. A Ruwanda a 1994 sai da gidan rediyo ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai kafin a zaro adduna. Masu ƙera wasanni ma sun fara jin nauyin abin, har kamfanin da ke da wasan Dungeons & Dragons ya sanar a 2020 cewa zai daina siffanta Orkawa da cewa mugaye ne gaba ɗayansu.

To in mun yarda abokin gaban nan mai hakki ne, sai mu koma ga ayyukan mai wasa mu auna su ɗaya ɗaya. Leƙen asiri, da kwanton ɓauna, da raba kan maƙiya, da fito da shugaba daga maɓoyarsa ta hanyar tsokana, duk waɗannan dabarun yaƙi ne da shari'a ba ta hana ba. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne, kuma ma'anar haka ta tabbata a hadisi ingantacce. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Nu'aimu ɗan Mas'udu ya musulunta a ɓoye, ya yi ta kai da komo tsakanin ƙungiyoyin da suka kewaye Madina yana shuka musu shakkar juna, har ƙawancensu ya tsinke ba tare da an gwabza babban yaƙi ba. Jinin da wannan dabara ta tsare ya fi wanda takobi zai iya tsarewa. Amma malamai sun sa iyaka mai kaifi tsakanin dabara da ha'inci, kuma iyakar ita ce amana: wanda ka ba alkawari ko aminci, ka fita daga ikon yaudararsa. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa, Ƙuraishawa sun tsare su a hanya ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Musulmi ba. Da suka iso, ana shirin Badar, Musulmi suna da matuƙar bukatar kowane hannu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su su cika wa maƙiya alkawarinsu su koma. Haka kuma an hana yi wa gawa kaca-kaca, an hana azabtar da kamamme. A wannan ma'auni, galibin abin da Talion yake yi a farkon wasa dabara ce tsakanin mayaƙa biyu da kowannensu ya san ana yaƙi, ko da yake zuba dafi da yawan fille kawuna suna da maganarsu.

Inda al'amarin ya sauya shi ne daga tsakiyar wasa na farko, sa'ad da fatalwar ta koya wa Talion wani iko dabam. Idan ya raunana shugaba har ya durƙusa, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fuskarsa, wani haske ya ƙona masa shaida a kunci, idanunsa su sauya launi, daga wannan lokaci ya zama nasa: ya umurce shi ya kashe ubangidansa ya kashe, ya tura shi ya ci amanar abokinsa ya tafi. Wasa na biyu gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi, mai wasa yana tara runduna ta irin waɗannan kamammu yana cin garuruwa masu ganuwa da su, yana naɗa wanda ya so sarauta. Mutane da yawa suna ganin wannan ya fi kisa sauƙi, tun da an bar dodon da ransa, har an ba shi muƙami. Ni kuwa ina ganin ya fi kisa muni nesa ba kusa ba, kuma hujjata daga tauhidi take. Takobi yana raba rai da jiki, amma yana barin mutum ya mutu yana shi ɗin nan, da ƙiyayyarsa da zaɓinsa, ya tafi ga Ubangijinsa da littafin da shi ya rubuta. Hannun nan kuwa yana shiga wurin da ba a ba kowa izinin shiga ba. Allah Maɗaukaki, wanda Yake da ikon Ya sa duk wanda ke bayan ƙasa ya yi imani, Ya faɗa a surar Yunus cewa bai yi hakan ba, kuma bai ba Annabinsa izinin tilasta mutane ba. Shaiɗan ma, a huɗubar da surar Ibrahim ta ce zai yi wa mabiyansa ranar da aka gama hukunci, zai tabbatar musu cewa bai taɓa samun iko a kansu ba, kira kawai ya yi suka amsa. Watau ikon da wasan nan ya danƙa wa jaruminsa, ya kuma sa mai wasa ya ji daɗin sarrafa shi, iko ne wanda Mai Rahama bai yi amfani da shi a kan bayinsa ba, kuma bai bar la'ananne ya same shi ba. Wannan duk yana faruwa a ƙasar da Talion yake yawo yana kwance wa bayi 'yan Adam mari daga hannun Orkawa.

Ginshiƙan masallacin Madina sun shaida abubuwa biyu da suka dace da wannan wuri. Na farko, an kamo Sumama ɗan Usal, shugaba daga Banu Hanifa na Yamama, maƙiyi mai ƙarfi, aka ɗaure shi a jikin ginshiƙi. Kwana uku Manzon Allah yana wucewa yana tambayarsa abin da ke ransa, shi kuwa yana amsawa da izzar sarauta, a rana ta uku aka ce a kwance shi, ba sharaɗi ba fansa. Ya fita da ƙafarsa, ya je wata gonar dabino kusa ya yi wanka, ya dawo da kansa ya musulunta, kuma ya tabbata a kai har lokacin da mutanensa suka bi Musailama. Na biyu, wani ifiritu ya taso wa Manzon Allah yana salla, Allah Ya ba shi iko a kansa ya shaƙe shi, har ya yi nufin ɗaure shi a ginshiƙi mutane su gan shi da safe. Sai ya tuna addu'ar ɗan'uwansa Annabi Sulaimanu, wanda ya roƙi mulkin da ba zai dace da kowa ba a bayansa, ya sake shi. Hore aljannu mu'ujiza ce da aka keɓe wa annabi guda, wanda ya fi shi daraja ma ya ɗauke hannu daga gare ta. Da an ƙwace zuciyar Sumama da ƙarfi, da an sami soja guda, amma da ba a sami Sumama ba. Haka da ba a sami Halidu ɗan Walidu ba, wanda ya juya wa Musulmi yaƙin Uhudu, ko Wahshi wanda ya kashe Hamza a ranar, ya rayu har ya jefi Musailama da mashi a Yamama.

Wasa na biyu ya ƙara wata ƙofa wadda ta fi wannan duhu, ita ce wulaƙantarwa. Maimakon ya kashe kamamme ko ya mallake shi, mai wasa yana iya ƙona masa hankali ya rage masa daraja ya kore shi, wani lokaci kuma abin ya zarce, dodon ya zautu. Labarin Bruz shi ne misalin da duk wanda ya yi wasan yake tunawa: ƙato ne mai barkwanci, ya taimaki Talion ya ci gari, ya sa rai za a naɗa shi sarautar garin, aka tsallake shi, ya ci amana, da aka kama shi, Talion ya ɗora masa hannu ya fasa masa hankali don ya zama izina ga saura, aka bar shi yana yawo yana sambatu cewa shi ba ya son garin. Hankali yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo don ta tsare su. Masu wasa da yawa sun faɗi cewa a wannan wuri ne suka fara jin ƙyamar jarumin da suke riƙe da shi, kuma ina ganin wannan ƙyama ita ce abu mafi lafiya da wasan ya haifar.

Sai kuma kasuwa. Lokacin da Shadow of War ya fito, akwai wurin da mai wasa zai biya kuɗi na gaske ya sayi akwatuna, ya buɗe ya sami Orkawa mallakakku a shirye. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya amsa cewa sayen ya ɓata ainihin tsarin, ya rufe kasuwar a 2018. Kukan da aka fi yi na kuɗi ne da adalcin wasa. Kaɗan ne suka tsaya a kan surar abin da kanta, watau halittu masu suna ana sayar da su a akwati.

Mai karatu zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, duk wannan lissafi ne a cikin kwamfuta, babu Bruz babu zafinsa, ba a zalunci kowa ba. Haka ne, kuma ba na cikin masu cewa wanda ya kashe dodo a allo gobe zai kashe maƙwabcinsa. Ban kuma zo da fatawa ba, wannan aikin ma'abotansa ne, waɗanda tun a kan shaɗaranji suka saɓa, Imamu Malik ya tsananta, Imamu Shafi'i ya sassauta. Abin da nake dubawa shi ne wanda Imamu Gazali ya yi dogon bayani a kansa a Ihya'u, cewa tsakanin gaɓoɓi da zuciya akwai hanya mai zuwa da komowa, abin da hannu ya yawaita yi yana barin gurbi a zuci ko da da wasa aka fara. Ba a cuci dodon ba, amma wanda ya shafe sa'o'i masu yawa yana duban kowane mai ƙarfi da ya gamu da shi da tambaya guda, shin wannan ya fi amfani a mace ko a mallake, yana horar da idonsa ga wani irin kallo. Kuma wannan kallo muna ganinsa a fili wajen masu mulki da masu dukiya waɗanda ba su taɓa riƙe abin wasa ba. Maganin da na sani shi ne mutum ya yi wasan a farke, ya san sunan abin da yake yi lokacin da yake yin sa.

Adalci ne a faɗi cewa marubutan wasan ba su jahilci wannan ba. A ƙarshen labari an bayyana cewa Celebrimbor ba rushe mulkin Sauron yake nufi ba, gadonsa yake so, ya mallake shi kamar yadda ya mallake Orkawa, ya zama sarkin haske a gurbin sarkin duhu. Da suka ci galaba a kan Isildur, tsohon sarkin mutane wanda zobe ya bautar, fatalwar ta ce a mallake shi, Talion ya ƙi, ya sake shi zuwa ga mutuwa. Nan take Celebrimbor ya fice daga jikinsa ya bar shi yana zubar da jini, shi kuma ya ƙare a haɗe da Sauron, suna kokawa a cikin ido guda na wuta. Wannan ya yi daidai da abin da Tolkien ya rubuta wa ɗansa a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cewa masu yaƙar Sauron ta hanyar amfani da zobensa za su yi nasara, amma sakamakon shi ne su haifi sababbin Sauron, su mai da mutane Orkawa. Sai dai ina da ƙorafi biyu a kan yadda wasan ya yanke hukuncinsa. Na ɗaya, lamirin Talion bai farka ba sai da hannu ya zo kan fuskar sarki ɗan Adam, bayan ɗaruruwan fuskokin Orkawa da ya ƙona bai yi ko gezau ba. Watau har a wurin tubarsa, tsohon bambancin nan na jinsi yana nan daram. Na biyu, tsawatarwar tana cikin labarin da ake nuna wa mai wasa yana zaune, lada kuwa yana cikin abin da hannunsa yake yi, kuma abin da hannu ya koya ya fi abin da kunne ya ji zama.

Abin da na so a ce an gina shi ne ƙofar Sumama. Idan shugaba ya durƙusa, zaɓin da ake shimfiɗa wa mai wasa shi ne ya mallaka, ko ya wulaƙanta, ko a yi ta har mutuwa. Da an ƙara masa ikon ya saki kamamme da hankalinsa da mutuncinsa, ba tare da tabbacin komai ba, da tsarin da yake tuna ƙuna da gori ya iya tuna wannan ma. Wani da aka saki zai dawo da runduna ya sa mai wasa ya yi da-na-sani, wani zai kauce masa a fage, wani kuma, jefi-jefi, zai zo da ƙafarsa ya tsaya a gefensa, kuma wannan guda ɗaya zai fi ganuwa cike da masu shaida a kunci daraja, domin yana da ikon tafiya. Kayan aikin duk suna nan a cikin tsarin. Sai dai kamfanin Warner Bros., mai mallakar wasan, ya yi wa tsarin Nemesis rajistar mallakar fasaha a Amurka a 2021, abin da ya sa sauran maƙera suke ɗari-ɗari da kusantarsa, sa'an nan a watan Fabrairu na 2025 ya rufe Monolith ɗin baki ɗaya, mutanen da suka san sirrin ginin suka watse zuwa wasu wurare.